Shekarar Aji Shida a Makarantar Kwana: Yadda Ɗalibi Zai Riƙe Kansa

Ɗalibin da ya shiga aji shida yakan ɗauka shekara guda cur ce a gabansa, alhali in aka zauna aka ƙirga ba ta kai ba. Ana komawa makaranta a Satumba. Jarrabawar JAMB ta shiga manyan makarantu kan faɗo wajajen Afrilu, sai na kammala sakandare: WAEC ta biyo baya ta cinye Mayu da Yuni, NECO kuma ta karɓa daga Yuni zuwa Yuli. Ke nan lokacin shiri wata bakwai ne da 'yan kwanaki, a cikinsa kuma akwai hutun Disamba, akwai azumi da salla, akwai makon da zazzaɓi zai kwantar da mutum.

Ga kuma wani sauyin da ba a cika faɗa wa yara ba. Shekara biyar ƙararrawa da tsoron siniya ne suke tashe ka da asuba, su kora ka masallaci ko ɗakin ibada, su zaunar da kai a firef, wato zaman bitar karatu bayan an tashi daga darasi, ko kana so ko ba ka so. Yanzu kai ne siniyan. In ka makara ba mai watsa maka ruwa, in ka ƙi zuwa firef ba mai rubuta sunanka, malamai ma sun fara yi maka kallon babba suna ɗaga maka ƙafa. Duk abin da ake sa ka yi da bulala a da, yanzu ya dawo wuyanka: takardunka, lokacinka, kuɗinka, lafiyarka, da yaran da aka damƙa a hannunka. Yaro mai ƙwaƙwalwa yakan faɗi jarrabawa don kawai wannan sakewar ta zo masa bai shirya mata ba. Maganar nan ta shafi maza da mata, ko a Bauchi kake ko Azare, Misau ko Toro, a makarantar jiha ko ta tarayya.

Takardu kafin littattafai

Tun makon farko ka kwafi sunanka yadda yake a takardar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, harafi bayan harafi, da ranar haihuwa. Sai ka je wurin malamin da ke kula da jarrabawa ka ce: "Malam, don Allah ina so in duba yadda aka rubuta sunana a rajista." Da wannan sunan ake tura makin gwaje-gwajenka na aji huɗu, biyar da shida ga hukumomin jarrabawa, kuma shi zai fito a satifiket. Matsalar a wajenmu kusan iri ɗaya ce kullum: Muhammad a nan, Mohammed a can, Abubakar ya koma Garba a takardar firamare, Aisha ta zama Aishatu, wani ya sa sunan garinsu a takarda ɗaya, Ningi ko Dass, a ɗayar kuma sunan kakansa. A gida kowa ya san mutum ɗaya ne, amma ranar tantancewa a jami'a ma'aikacin da ke riƙe da fayil mutum biyu yake gani. Daga nan sai zaryar kotu neman takardar rantsuwa.

JAMB tana ɗauko suna da ranar haihuwa kai tsaye daga hukumar NIMC mai ba da NIN, don haka cibiyar rajista ba ta iya gyara maka su. A NIMC ake gyaran, yana cin kuɗi, yana kuma cin makonni. Wanda ya gano kuskure a Oktoba yana da sarari, wanda ya gano a Fabrairu ana tsakiyar rajista ya shiga uku. Wanda ba shi da NIN kwata-kwata, ya yi ta a hutun Disamba. In lambar ce ta ɓace, a danna *346# a layin da aka yi rajistar da shi.

Sai layin waya. Makaranta ta hana riƙe waya, kuma hanin yana kan daidai, amma JAMB tana bukatar layi naka kai kaɗai, wanda ba a taɓa yi wa wani rajista da shi ba. Ana rubuta kalmar NIN, a bar sarari, a sa lambobin nan 11, a tura zuwa 55019 ko 66019, sai a turo lambar da za a sayi fom da ita. Ta wannan layin sakamako zai zo, ta nan kuma saƙonnin shiga jami'a za su biyo. Kada a yi da layin mai shagon kwamfuta, ko na wani yaya da zai tafi Legas da shi. A bar sim ɗin a gida a hannun Baba ko Umma, a riƙa sa masa kati ana kira da shi, domin layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani yakan karɓe ya sayar wa wani. Haka adireshin imel: naka na kanka, ka rubuta kalmar sirrin a wuri biyu.

'Yan mata, ku kula da lalle. Ana ɗaukar zanen yatsu goma ranar rajista, ana sake dubawa a ƙofar ɗakin jarrabawa, kuma lalle a kan yatsu yakan hana na'ura ganewa. JAMB da kanta ta sha yin gargaɗi a kan haka. A 'yan shekarun nan ƙaramar salla tana faɗowa gab da jarrabawar, shi ya sa abin yake yawan faruwa. Ki haƙura da ƙunshi daga Janairu har ki fito daga ɗakin jarrabawa.

Iyaye kuma su tambayi makaranta tun zangon farko: wace jarrabawa gwamnati za ta biya, wa za ta biya wa, wacce ce a kan iyaye, yaushe ake rufewa? A jihohin Arewa da dama sakamakon jarrabawar gwaji ake dubawa wajen zaɓen waɗanda za a biya wa, don haka ɗalibi kada ya ɗauke ta wasa. Ko da an ce za a biya, gara a fara tara kuɗin tun lokacin kaka.

Lokaci da karatu

Abin da ake nema a fili yake: kiredit biyar a darussan da suka dace da kwas ɗinka, ciki har da Turanci, kuma ga yawancin kwasa-kwasai har da Lissafi. Kiredit ya tsaya a C6. D7 da E8 ba faɗuwa ba ne a takarda, amma ba sa shiga lissafin biyar ɗin nan. Ana zana darussa takwas ko tara. Ka jera naka gida uku: waɗanda kake da tabbas a kansu, waɗanda kake tsaka-tsaki, da waɗanda kake jin tsoro. Ɗalibai sun fi son karanta na farko saboda daɗin ganin sun iya. Sakamako kuwa a na biyu da na uku yake sauyawa, don haka kashi biyu cikin uku na lokacinka can zai tafi.

Kowace makaranta da jadawalinta, amma kusan ko'ina akwai gurabe huɗu da suke hannun ɗalibi. Na farko daga idar da sallar asuba zuwa lokacin shara da wanka, minti 45 zuwa awa guda. Wannan shi ne mafi tsada a yinin, ƙwaƙwalwa ta huta, hostal shiru, don haka darasin da ka fi tsoro shi zai samu wannan gurbin. Na biyu bayan la'asar, ranakun da ba wasanni. Na uku firef ɗin dare, wanda yakan kai awa biyu: ka raba shi biyu, minti 50 darasi ɗaya, ka miƙe ka sha ruwa, minti 50 wani darasin. Na huɗu safiyar Asabar bayan duba tsafta.

Safiyar Asabar ta gwaji ce. Ɗauko tambayoyin wata shekara da ta wuce, rufe littafi, aje agogo a gabanka, ka amsa kamar mai tsaron jarrabawa yana tsaye a kanka. Sai an gwada akan san na ƙwarai. A tsarin da WAEC ta daɗe a kansa, Lissafi yana da tambayoyin zaɓi 50 cikin awa ɗaya da rabi, sai na aiki inda ake amsa 10 cikin awa biyu da rabi, wato minti 15 ga kowace tambaya. Wanda bai taɓa gwada kansa da agogo ba yakan kashe minti 40 a tambaya ɗaya mai taurin kai, a ce a aje biro saura tambayoyi uku da ya iya sarai bai taɓa su ba. A Lissafi ana ba da maki a kan matakan aiki, don haka rubuta kowane mataki ko da ba ka kai ga amsar ƙarshe ba.

Turanci shi ne inda yaranmu suka fi zubewa, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne: ana sauraron sa a aji, amma ba a rubuta shi. Insha'in WAEC kalmomi 450 ake nema. Ka ƙirga kalmomin layi ɗaya na rubutunka, in tara ne to layi 50 kake bukata, kusan shafi biyu. Rubuta insha'i ɗaya kowane mako, wannan makon wasiƙa zuwa ga hukuma, na gaba labari, na gaba muhawara, ka kai wa malamin Turanci ya bi da jan biro. Malamai ba sa ƙin ɗalibin da ya zo da aikinsa a hannu. A ɓangaren taƙaitawa kuma kuskuren da ya fi yawa shi ne kwafo jimlar marubuci yadda take, ko amsawa da guntun zance alhali cikakkiyar jimla aka ce a rubuta.

Ka ware littafi guda na kurakurai. Duk tambayar da ka faɗi, rubuta ta, rubuta amsar daidai, ka ƙara layi ɗaya na dalili: ban san ƙa'idar ba, ko ban karanta tambayar da kyau ba, ko gaggawa. Bayan wata biyu za ka ga kurakuranka ba su da yawa, maimaita kansu suke yi. A makon jarrabawa wannan ɗan littafin ya fi manyan littattafai goma amfani.

'Yan kimiyya su matsa a shiga da su ɗakin gwaje-gwaje tun zangon farko. Wanda bai taɓa riƙe bututun awo ya ga launin ruwa ya sauya a gabansa ba, ranar firaktikal hannunsa rawa zai yi. Rukunin karatu yana da kyau in bai wuce mutum huɗu ko biyar ba, kowa kuma da babin da zai koyar. In ya wuce haka ya zama majalisa.

Maganar karatun dare kuwa, mun san al'adar: a tsoma ƙafa cikin bokitin ruwa, a sha kofi ba madara, a ci goro, a kwana ido biyu. Ribarsa kaɗan ce ƙwarai. A cikin barci ƙwaƙwalwa take adana abin da aka karanta, kuma mai shekara 16 ko 17 yana bukatar awa takwas. Jadawalin makarantar kwana da kyar yake ba da bakwai, to kada ka rage daga ciki, ka cike da ƙailula bayan abincin rana. Duk wanda ya miƙo maka ƙwaya ya ce tana hana barci ko tana buɗe kai, tiramadol ce ko wata, ka ƙi, kuma ka nisance shi. Tiramadol tana iya kawo farfaɗiya, kuma barinta ya fi fara ta wuya nesa ba kusa ba.

Yanayi ma yana shiga lissafi. Da hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, sanyin asuba ne abokin gaba: ɗebi ruwanka tun dare, aje rigar sanyi da safa kusa da matashi, domin wanda zai fita neman ruwa cikin duhu da sanyi komawa bargo zai yi. Da bazara, Maris da Afrilu, aji yakan yi zafin da karatun rana ba ya shiga, sai a mayar da mai nauyi asuba da dare. Da azumi kuma daga sahur zuwa hantsi ne lokacin aiki, bayan la'asar a bar shi ga maimaici mai sauƙi. In makaranta ta riƙe 'yan aji shida lokacin hutu don ƙarin darasi, ka zauna. Gida akwai daɗi, amma akwai aike, biki da waya.

Kwas da kwamfuta

Zaɓen kwas ba a bakin teburin mai rajista ake yin sa ba, ana layi a bayanka. JAMB darussa huɗu ce, Turanci dole, maki 400 gaba ɗaya. Likitanci yana bukatar Bayoloji, Kemistiri da Fizis. Injiniyanci Lissafi, Fizis da Kemistiri. Lauyanci yana bukatar Adabin Turanci. Duk shekara akwai masu cin maki mai kyau su rasa gurbi don kawai haɗin darussansu bai dace da kwas ɗin ba. Duba kundin JAMB na shekarar tare da malamin ba da shawara kafin hutun Disamba, sannan ka zauna da iyayenka a hutun a gama magana. 'Yan mata musamman, a yi wannan zaman da wuri, a san matsayar gida game da ci gaba da karatu tun kafin a kashe kuɗin fom.

Ka kuma dubi makinka da idon gaskiya. Akwai Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, Jami'ar Sa'adu Zungur a Gaɗau, Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya a Azare, a maƙwabta kuma Jami'ar Jihar Gombe da ta Tarayya a Kashere. Fom ɗin yana da gurbin kwalejin kimiyya da fasaha da na kwalejin ilimi, kada ka bar mai rajista ya cike maka su da abin da ya ga dama. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Bauchi, ta Abubakar Tatari Ali, da Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh a Azare duk hanyoyi ne na gaske. Kafin a danna turawa, karanta komai a allon da idonka.

Jarrabawar a kwamfuta ake yin ta: tambayoyi 180 cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 ga kowane darasi cikin ukun. Wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Ba sai ka iya linzamin kwamfuta ba: A, B, C, D na zaɓen amsa, N na gaba, P na komawa baya, S na miƙawa. Wanda bai taɓa zama gaban kwamfuta ba ya nemi ɗakin kwamfutar makaranta, ko ya biya awa biyu ko uku a shago lokacin hutu, ya kuma yi rajistar jarrabawar gwaji ta JAMB in da hali. Ba a rage maki don kuskure, saboda haka kada a bar tambaya ba amsa.

Kuɗi da akwati

A ce an ba ka naira 30,000 na zango mai mako 13. Fara cire kuɗin motar komawa gida, a ce 4,000, ka kai ajiya wurin malamin gida ko uwar ɗakin kwana, a rubuta a littafi ka sa hannu. Saura 26,000, wato 2,000 a mako. Karɓi na mako ɗaya kawai kowace Asabar. Kuɗin da ke cikin akwati kashe kansa yake yi, kuma shi ke jawo ɓarawo. A aji shida akwai ƙananan kashe-kashe da ba a saba da su ba, hoton fasfo, kwafin takardu, littafin tambayoyin baya, kayan lissafi. A faɗa wa iyaye su tun farkon zango, kada a ci su daga kuɗin sabulu.

Kayan ci kuma a auna su. Ranar da ka iso, auna garin kwakinka da kofin da kake sha da shi, ka san kofi nawa ne, ka raba da kwanakin da suka rage zuwa ranar ziyara. Wanda bai auna ba yakan yi makonni uku yana rabo kamar mai biki, sauran goma yana bin gadaje. Ƙuli-ƙuli, yaji, cincin da soyayyar gyaɗa suna daɗewa. Dambun nama sai ya bushe ƙayau, in ba haka ba da damina fumfuna zai yi cikin kwanaki. Sukari da madara a zuba su a roba mai murfi saboda kiyashi. Sayayya a kasuwa, irin Wunti ko Muda Lawal a Bauchi, kafin komawa ta fi sauƙi a kan shagon makaranta.

Kada girman kai ya hana ka zuwa ɗakin cin abinci. Akwai 'yan aji shida da suke ganin sun wuce cin gabza, su aiki yaro ya karɓo ko su bar shi gaba ɗaya su zauna a kan gari da ƙuli. Wake da tuwon nan, duk rashin daɗinsu, su ne suke riƙe jiki tsawon wata uku na jarrabawa.

Lafiya

Kwana uku a kwance cikin Mayu na iya cin takarda biyu, kuma WAEC ba ta jiran kowa. Jarrabawar tana shiga damina, lokacin sauro. Sabon gidan sauro mai magani a shanya shi a inuwa kwana guda kafin a fara kwana ciki, a riƙa cusa bakinsa ƙarƙashin katifa, a ɗinke duk huda. In zazzaɓi ya zo, je ɗakin magani a ranar a yi gwaji. Maganin cizon sauro da aka fi bayarwa sau shida ake sha cikin kwana uku, safe da yamma, bayan an ci abinci. Yara sukan daina a rana ta biyu da sun ji sauƙi, su ajiye sauran ko su ba aboki, shi ya sa zazzaɓin yake dawowa bayan mako biyu.

Da bazara abin tsoro sanƙarau ne, kuma cunkoson ɗakin kwana yana taimaka masa. A bar tagogi a buɗe. Zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, wuya ya sanƙare, amai, ido ba ya son haske: wannan ba na jiran safiya ba ne. Ko ƙarfe biyun dare ne a tashi malamin gida a tafi asibiti. Wannan nauyi a kan 'yan aji shida yake, domin ku kuke kwana da yaran.

Gudawa kuma ruwan jiki take ƙwacewa. In ba a samu na leda ba, a haɗa ruwan gishiri da sukari: ruwa mai tsafta lita ɗaya, wato ledar fiya-wata biyu, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. A riƙa kurɓa a hankali, a kuma sanar da ma'aikacin jinya. In amai da gudawa suka kama mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya, a kai rahoto nan take.

Ƙazuwa da makero ta tawul, soso, mataji da aron kaya suke yawo. Kuɗin cizo kuma a fitar da katifa rana, a zuba tafasasshen ruwa a mahaɗan gado. Kada a fesa fiya-fiya ko maganin ƙwarin gona a ɗakin da mutane za su kwana, guba ne. Kyandir, hita da haɗa wayar wuta ta ɓarauniyar hanya su ne suke tayar da gobara a ɗakunan kwana, tocila mai caji ta isa. Ke kuma, ki lissafa kwanakin al'adarki ki gwada da jadawalin jarrabawa, ki tanadi auduga da ta wuce bukata, in kina fama da ciwon mara ki ga ma'aikaciyar jinya tun kafin ranar.

Muƙami da ƙannen da ke ƙasa

Wanda aka ba firifet ya sani aikin yana cin lokaci fiye da yadda ake zato. Raba aiki da mataimakinka, rubuta jadawalin shara da ɗiban ruwa a manna a bango don kada kullum sai ka tsaya a kai, kuma da an miƙa muƙamai ga 'yan aji biyar ka saki da gaske.

Dukan yara shi ne hanya mafi sauri ta rasa shekara shida a yini ɗaya. Mari ɗaya yana iya fasa dodon kunne, kuma yaro mai sikila ko asma yana iya faɗuwa a horon da wani zai ɗauka ba komai. Daga nan maganar ta bar hannun firinsifal ta koma ta iyaye da 'yan sanda. "Mu ma an yi mana" ba hujja ba ce. Laifin da ya wuce shara ko ciyawa, rubuta suna ka kai wa malami. Ƙwace kayan cin yaro da kuɗinsa kuwa zalunci ne, ko da wane suna aka kira shi a hostal.

Ka kuma riƙa wanke kayanka da kanka, ka ɗebo ruwanka, ka gyara gadonka. Nan da shekara guda kana jami'a ko kwaleji, babu juniya ko ɗaya. Satar fita ta katanga don kallon ƙwallo ko cin abinci a gari ma a bar ta: in wani abu ya same ka a waje ba wanda ya san inda kake, kuma kora a zango na biyu tana nufin zana jarrabawa daga gida, in ma an bari.

Watannin jarrabawa da ranar fita

Da jadawali ya fito, kwafi naka da hannu, rana da lokaci, ka sa aboki ya duba maka. Ana rasa takarda saboda an ɗauka ta yamma ce alhali ta safe ce. Tanadi biro biyu da ka riga ka gwada, fensirin HB biyu, magogi, abin fiƙe, rula, kayan lissafi da kalkuletar da aka yarda da ita. A takardar zaɓi, fara da cike lambarka a natse, domin na'ura ce take dubawa.

Za a zo maka da maganar amsoshin da suka fito, a ce a haɗa kuɗi. Sau da yawa na bogi ne, kuma ko na gaske ne, masu duba takardu suna gane amsa iri ɗaya da kuskure iri ɗaya a ɗaki guda. Sakamakon a riƙe shi, ko a soke, wani lokaci har na waɗanda ba su ji ba su gani ba. Satar jarrabawa laifi ne a dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999. Waya a aljihu a ɗakin jarrabawa, ko a kashe take, ta isa ta jawo hukunci.

Tsakanin WAEC da NECO jiki yakan mutu, a ga kamar an gama. Ba a gama ba. Jami'o'i da yawa suna karɓar haɗin sakamako biyu, don haka NECO tana iya cike gurbin darasin da ya kuɓuce, ko da yake kwasa-kwasai irin likitanci sukan nemi zama ɗaya.

Ranar kandi, wato ranar kammala makaranta, a yi murna, amma fasa tagogi, ramuwar gayya a kan malami ko firifet, da hawan babur a guje sun sha mayar da ranar farin ciki ta zama ta kuka. Kafin ka ɗaure akwati, mayar da littattafan laburare, biya duk bashin da ake bin ka, a sa maka hannu a takardar sallama, ka tambayi ranar karɓar takardar shaidar hali. Katin jarrabawarka na WAEC ka adana shi cikin leda tare da takardar JAMB, domin da lambobin da ke jikinsa ake duba sakamako. Rubuta lambobin jarrabawarka duka a wani littafi a gida, ka kuma karɓi lambar wayar malamin jarrabawa.

Sakamakon WAEC yakan fito wajajen Agusta, na NECO ya biyo baya. Da ya fito, je cibiyar da JAMB ta amince da ita a ɗora shi a shafinka na CAPS, wato tsarin da JAMB take ba da gurbin karatu ta cikinsa, domin wanda ya yi rajista yana jiran sakamako bai koma ya ɗora ba, ba za a ba shi gurbi ba komai yawan makinsa. Ka riƙa bibiyar sanarwar tantancewa ta makarantar da ka zaɓa, ka riƙa duba shafin duk mako. In gurbi ya fito, a can za ka danna karɓa ka buga takardar shiga. Gurbin da wani ya ce zai samo maka ta bayan fage, wanda bai bi ta CAPS ba, JAMB ba ta san da shi ba, kuma matsalarsa takan fito ne bayan shekara huɗu, lokacin tura sunaye bautar ƙasa.